Maratayin Kyamarata da Zoben Baba Baduku

Akwai wautar da mutum zai yi ya manta, akwai kuma wadda ko ya so mantawa ba za ta bar shi ba. Tawa ita ce ta satin da na wayi gari na ɗauki kaina babbar mai ƙirƙira, na fara zaɓen kalar motar da zan saya, har na ɗauki ƙafata na je Yolde Pate na hana wani dattijo sana'arsa. Shekaru sun wuce, amma ko yau na rataya kyamara sai abin ya faɗo min, in yi dariya, in kuma ji kunnuwana sun ɗau zafi. Wannan kam har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Bari in faro daga farko. Ni hoton biki nake ɗauka a Jimeta. Abin da ya buɗe min kasuwa shi ne maza masu kyamara iyakarsu ƙofar gida, ni kuwa har uwar ɗaka, wurin lalle, wurin kamu, wurin da amarya take kuka kwalliya tana zuba. Sai dai wanda bai taɓa aikin biki a Yola Gari ba bai san wahala ba. Tsofaffin gidajen nan, lungu ya shiga lungu, kowane ɗaki da tsohuwa a kan tabarma, kuma ba a gaishe su a tsaye. Sai kin durƙusa har ƙasa, kin sunkuyar da kai, a yi ta gaisuwar Fillanci, “jam na, jam”, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi zafi, a tambayi babanki, in an gama a sake komowa kan gajiya. Duk wannan lokacin kyamara tana wuya tana lilo a gabanki.

Wata Asabar aka kai ni in gaida kakar amarya. Ina durƙusawa kyamara ta yi gaba ta daki langar miya, ji kake ƙwal! Murfi ya tashi, miyar kuka ta wanke min gilashin gaba. Na fizgo ta da sauri, igiyar kamfani da dama ta tsufa ta ce tas, ta tsinke. Allah ya taimake ni a cinyata ta faɗo. Tsohuwar nan ko a jikinta, ta ci gaba da tambayata ya gajiya. Ni kuwa ina amsa “jam” ina goge kuka da bakin mayafi, ina lallaɓa ta, domin kyamarar nan ita ce duk abin da na mallaka.

Da na tashi aiki na biya gidan Goggo, yayar babana, tunda a unguwar take. Goggo Fillanci ya fi zama a bakinta, in tana Hausa mace da namiji duk “ka” ne. Na ba ta labari kamar zan yi kuka. Ta dube ni, ta dubi kyamarar, ta ce, “Abin da kake so ya fi ɗa, don me ka rataye shi a wuya kamar akuya? Goya shi mana. Ka taɓa ganin mace ya durƙusa jariri ya faɗa miya?”

Wallahi ji na yi kamar an kunna min fitila a ka.

Nan take ta buɗe tsohuwar adakarta ta ciro min wani ƙyallen saƙi, dogo, mai faɗin yatsu huɗu, baƙi da ratsin ja, ragowar majanyin da ta goyi 'ya'yanta da shi. Na kai gida na zauna a keken ɗinkin mamata, na ninka, na ɗinke, na ɗaura wa kyamara. Na saƙala shi ta kafaɗa ɗaya ya ratsa ƙirji, kyamara ta koma baya ta kwanta. Na durƙusa a tsakar gida sau ya fi goma ina gaida turmi. Ba ta motsa ba! Na yi ihu har kaji suka watse.

Murna ta ƙare ranar biki na gaba. Kyamara ta goyu kam, amma sauke ta shi ne aiki. Kafin in juyo da igiyar duka, ta kama mayafi, ta kama ɗan kunne, an riga an fesa wa amarya turare an gama. Hoton kamun da aka ɗauke ni dominsa ban samu ba, sai da na roƙi mata suka sake fesawa, amarya tana tari.

A nan ne Baba baduku ya shigo labarin. Shi mutumin Mubi ne. Shekarar da aka yi gudun hijirar nan, da mutanen Mubi da Michika suka cika Yola, kowane gida da baƙi, shi da iyalinsa a zauren gidanmu suka sauka. Babana bai san shi ba, a masallaci ya gan su ya kwaso. Sun yi watanni da mu. Da abubuwa suka lafa wasu suka koma, shi bai koma ba, ya ce shagonsa ya zama toka, ba abin da zai je ya kalla. Ya samu ɗan wuri a Yolde Pate ya kafa rumfa. A Mubi, an ce, jakunkuna da takalman fata yake yi na gani na faɗa. A nan kuwa sai gyaran silifas da zif ɗin jakar makaranta. Tun lokacin 'yar Alhaji yake ce min, kuma ban taɓa kai masa gyara ya yarda ya karɓi ko sisi ba.

Na hau keke mai ƙafa uku na je na zube masa matsalar. Ya karɓi ƙyallen ya juya, ya shinshina ma, ya ce saƙin da ne. Ya ce in rataya in nuna masa yadda nake yi. Na rataya, na durƙusa, na miƙe, na yi kokawa da mayafi. Ya gama kallo, sai ya ce, “'Yar Alhaji, igiyar kike juyawa. Ba ita za ta yi tafiya ba. Bar min shi, ki dawo jibi.”

Da na dawo na tarar ya yi wa saƙin bayan fata mai laushi, ya ɗinke gefe da gefe da zare mai kauri. Sannan ya zura wani zoben tagulla a jikin igiyar, kyamara a jikin zoben take, ba a jikin igiyar ba. Igiya tana zaune a kafaɗa, zobe ne yake yawo. Ta baya kuma ya ɗinka wani ɗan harshen fata, in zoben ya haye shi sai ya tsaya cak, ba ya gangarowa sai an jawo. Na tura kyamara baya, ta zauna. Na durƙusa, tana nan. Na miƙe na jawo ta, suuu, sai ga ta a idona. Kai jama'a! Na yi ta turawa ina jawowa a bakin titi kamar wadda ta zare, masu keke suna rage gudu suna kallona. Baba yana dariya, ya koma kan silifas ɗinsa.

Bikin da na fara fita da shi a Demsawo ne, babban biki, mata kamar ƙasa. Na gaida tsofaffi ya fi ashirin, kowacce har ƙasa, kyamara tana bayana lafiya lau. Wata ƙawata ta ɗauke ni bidiyo ina durƙusawa ina miƙewa ina ɗauka, na ɗora a status na rubuta wai “sabuwar fasaha daga Yola”. Kafin la'asar wayata ta ɗau zafi. Ƙawayen sana'a suna ta tambaya a ina na samu. Ni kuwa da bakin nan nawa na ce musu, “Ku je Yolde Pate wurin Baba baduku.” Har kwatance na tura musu da murya. Har na sake wani bidiyon na matso da waya kusa da zoben ina bayanin yadda yake aiki, dalla-dalla. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan kamar sati biyu na shiga kasuwar Jimeta sayen batir a shagon wata Madam, 'yar Ibo ce amma haihuwar Jimeta, in ta ga dama Hausa, in ta ga dama buroka, in ciniki ya yi zafi ta haɗa duka. Ta ga maratayin ta ce in matso. Ta tura zoben, ta jawo, ta sake turawa. Sai ta rage murya ta ce, “Hajiya ƙarama, you don patent am?”

Na ce mene ne kuma wannan?

Ta dafa kai. “Chineke! Kina yawo da zinariya a kafaɗa ba ki sani ba. Takarda ce gwamnati take ba wanda ya ƙirƙiri abu. In kin samu, duk mai son ya yi irinsa sai ya biya ki. Ko Bature ne. Kina kwance kina shan fanka kuɗi na shigowa. But make nobody copy am first o! In aka riga ki, ya wuce.”

Daga shagon nan zuwa bakin titi ban san yadda na taka ba. A cikin keke na raɗa wa kamfanina suna, na canza, na sake raɗawa. Kafin mu kai shataletale na buɗe reshe a Kano. Na ga kaina a jirgi, na ga Turawa masu ɗaukar hoton zakuna kowa da saƙin Goggo a kafaɗa. Mota fara na fara zaɓa, sai na tuna ƙurar unguwarmu na koma ruwan toka. A gida na tsaya gaban madubi ina amsa tambayoyin 'yan jarida: “Gaskiya tun ina ƙarama nake da basira.” Mamata ta leƙo ta ce in na gama da 'yan jaridar akwai wanke-wanke.

Sai maganar Madam ta dawo min: kar kowa ya kwaikwaya. Na fara da Goggo. Na je na ce ta yi min alkawari ba za ta faɗa wa kowa sirrin ba. Ta ce wane sirri? Na ce na goyon kyamara. Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce, “To fita ka faɗa wa matan Yola su sauke 'ya'yansu, ka sayi goyo.” Na ce Goggo ba ta gane harkar zamani ba, na wuce.

Daga nan sai Yolde Pate. Tun daga nesa na hango su. Maratayi bakwai ko takwas rataye a gaban rumfar Baba suna kaɗawa, wasu saƙi, wasu jar fata zalla, kowanne da zobensa yana ƙyalli. Ya share wurin, ya ture tarin silifas gefe, ya shimfiɗa sabon kirgi yana yanka. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Yana ganina ya ce, “'Yar Alhaji, kin ga abin da kika jawo min? Ƙawayenki sun hana ni sakat. Jiya har wani ɗan jarida ya zo. Rabon da in riƙe wuƙar yanka fata da safe har na manta.”

Da ina da hankali a lokacin, da wannan maganar ta ishe ni. Amma kaina yana can cikin mota ruwan toka. Ko zama ban yi ba. Na ce, “Baba, ai magana ce ta kawo ni. Wannan maratayin ƙirƙirata ce, zan yi masa rajista a wurin gwamnati. Daga yau kar a sake yi wa kowa sai da izinina. Waɗannan ma a sauke su kar mutane su gani.”

Ya ajiye wuƙar. Ya dube ni na ɗan lokaci, ba fushi, ba komai. Ya ce, “Har waɗanda aka riga aka ce in yi?”

Na ce har su.

Ya ce, “To. Gidanku ya rufa min asiri ranar da ba ni da ko tabarma. In kin ce a bari, an bari.”

Ya miƙe ya dinga sauke su ɗaya bayan ɗaya, yana naɗewa yana sakawa a buhu. Ya naɗe kirgin. Ya jawo tarin silifas ya dawo da shi gabansa. Ni kuwa, Allah ya yafe min, na hau keke ina jin na yi abin da manyan 'yan kasuwa suke yi. Har goro na saya wa mai keken.

Saura lauya. Ɗan Goggo lauya ne, Hamma muke ce masa, yana zaune a Demsawo. Taubashina ne, don haka tsakaninmu ba a raga wa juna. Ya yi tafiya, sai da na jira shi kwana biyar. Kwana biyar ɗin nan na goge bidiyoyin daga wayata, na dinga yawo da maratayin a ƙarƙashin hijabi kamar kayan sata, duk wadda ta tambaye ni in ce wane maratayi?

Ranar da ya dawo na same shi a falo yana cin gyaɗa. Na ajiye abin a kan tebur na ce, “Hamma, ka gaishe ni da kyau, don nan gaba sai ka cike takarda kafin ka gan ni. Patent nake so.”

Ya ce, “Ikon Allah. Mai hoton amare ta zama injiniya.” Ya ɗauka ya tura zoben, ya jawo. Na ga abin ya burge shi ko da bai faɗa ba. Ya ce, “Sharaɗin farko, sai abu ya zama sabo, wanda ba a taɓa baje shi a gaban jama'a ba kafin a shigar da takarda. Akwai wanda ya gani?”

Ni a tunanina yawan masu gani shi ne ƙarfin magana. Na gyara zama na ce, “Wanda ya gani? Hamma, Jimeta kaf! Na sa a status, an yi ta turawa har Gombe. Na ma yi bidiyon yadda zoben yake aiki.”

Gyaɗa ta sarƙe shi. Sai da matarsa ta kawo ruwa. Ya ce, “Wato kin kira gari kin koya musu, sannan kin zo a rufe miki ƙofa.”

Na ce ai na goge.

Ya ce, “Kin goge a wayoyin mutanen Gombe?”

Ban karaya ba. Na ce Madam ta ce ko Bature sai ya biya ni. Ya ce takardar Najeriya iyakarta Najeriya, Baturen da ke ƙasarsa ba ruwansa da ni. Ya ƙara da cewa masu kyamara a waje sun daɗe da igiyoyi masu zamewa iri-iri, wasu da rajistarsu. Na ce to ko ni za su kama? Ya ce in kwantar da hankalina, in ba su yi rajista a nan ba babu mai zuwa Jimeta neman majanyin Goggo. Ya ce ko da an karɓi takardata a Abuja an buga mata hatimi, ranar da wani ya kawo wa kotu tsohon abu irinsa, ranar za ta zama takardar ƙunshe ƙosai.

Sai ya yi tambayar da ta fi duka. Ya ɗaga zoben ya ce, “Ita takardar, sunan wanda ya ƙirƙira ake sawa. Wannan dabarar, wa ya kawo ta?”

Na ce ni mana.

“Ke kika ce zobe ya yi tafiya igiya ta zauna?”

Muryar Baba ce ta dawo min tar, yana cewa ba igiyar ce za ta yi tafiya ba. Na ce a hankali, “To… ni na kai masa matsalar.”

Hamma ya ce, “Goyo na tsohuwata, zobe na baduku. Ke naki wanne ne, miyar kuka?” Ya ɗauki makullin mota. “Tashi mu je in ga mutumin.”

A hanya na ce ya tsaya ta kasuwa in karɓi saƙo. Abin da na gani a layin teloli ya ƙarasa ni. Maratayina ne rataye a shago uku, an yi su da igiyar jakar makaranta da zoben labule, ɗinki a karkace. Ɗaya daga cikin ƙawayena tana tsaye tana gwadawa. Ta ce, “Ai Baba baduku ya ce ya daina, ya mayar mana da ƙyallayenmu. Shi ne muka nuna wa tela bidiyonki.” Telan ko kallona bai yi ba. Na dawo mota na zauna. Hamma ya ce, “Kin gani? Duk garin nan mutum ɗaya ne dokarki ta kama. Wanda yake jin kunyarki.”

Mun tarar da Baba yana huda silifas da basilla. Buhun yana nan a kusurwa a ɗaure. Hamma ya gaishe shi, ya ce, “Baba, zoben nan nake tambaya. A ina ka samo dabarar?”

Ya ce, “Wannan? Ai ba dabara ba ce, haka muka taso muka gani.” Ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wata jakar fata, ta yi baƙi ƙirin don tsufa, duk ta sha faci. Jakar kayan aikinsa ce, na sha ganinta a zaurenmu ban taɓa kula ba. A jikin igiyarta ga zoben tagulla, ya suɗe har ya sirance. Ga ɗan harshen fata ta baya. Komai da komai.

Ya ce, “Ta mahaifina ce, shi ma a wurin nasa uban ya koya, wanda ya zo daga Kano da fatake. Mai tafiyar ƙasa yana son hannunsa biyu, in zai sha ruwa a rafi ko zai hau dutse sai ya tura jaka baya.” Ya shafa zoben da babban yatsa. “Ranar da muka fito daga Mubi ita kaɗai na ɗauka. Na tura ta baya na rungumi jikata a gaba, haka muka hau duwatsu. Da a hannu take da na yar.”

Ya faɗi haka ne kamar mai ba da labarin ruwan sama, ya koma neman zarensa. Hamma bai yi min tsiya ba, karo na farko a rayuwarsa. Ni kuwa na tsaya ina kallon zoben da ya girmi babana, wanda kwana biyar da suka wuce na zo na ce wa mai shi ƙirƙirata ce.

Ban san lokacin da na tura kyamara baya na durƙusa ba. Har ƙasa, cikin ƙura da guntayen roba. Na ce, “Baba, ka yafe min. Abinka ne na zo na hana ka. Don Allah ka kwance buhun nan.”

Ya ce, “Subhanallahi, tashi, 'yar Alhaji, tashi, mutane na kallo.” Sai ya leƙa bayana, ya ga kyamara zaune daram ba ta motsa ba. Ya yi murmushi ya ce wa Hamma, “Ka ga harshen ya riƙe kuwa.”

Dariya ta ƙwace mana mu uku, ni tawa da hawaye a ciki.

Da hannuna na kwance buhun na mayar da su kan ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Hamma ya ɗauki ɗaya yana dubawa, ya ga wani ɗan zane a gefen fatar, kamar tauraro a cikin da'ira. Baba ya ce tambarin gidansu ne, da wani guntun ƙarfe ake bugawa, yana cikin jakar. Hamma ya ce, “To wannan shi ne abin da za a iya karewa. Zobe na kowa ne, amma ba mai ikon buga tambarin nan ya ce aikinka ne.” Baba ya ce shi bai san wannan ba, shi dai ya san ɗinkinsa ba ya warwarewa.

A wurin na ba Hamma waya na ce ya ɗauka. Na sake bidiyo, wannan karon ba “sabuwar fasaha” a ciki. Na nuna tsohuwar jakar, na nuna Baba yana ta kare fuska da hannu, na ce ga mai abin, ga inda yake, na tela kuma ku ja shi da ƙarfi ku gani. Ba a yi wata ba zoben labule ya buɗe wa wata a tsakiyar kamu, Allah ya sa kyamarar a kan katifa ta faɗa. Daga nan ba sai na yi wa kowa talla ba.

Yau in kin je biki a Yola ko Jimeta kika ga mai hoto ta durƙusa kyamara tana bayanta, duba gefen fatar, sau da yawa za ki ga tauraron nan. Baba ya daina karɓar silifas. Madam tana sayar da nasa a shagonta, kuma har yanzu in ta gan ni sai ta ce, “Inventor, how market?” Goggo kuwa duk bikin da muka haɗu sai ta nuna ni ta ce wa mata, “Ku ɓoye goyonku, mai shi ya zo.” Motar ruwan toka har yau ban saya ba, keke nake hawa.

Abin da na koya shi ne, kafin in buɗe baki in ce abu nawa ne, in tsaya in tuna hannun wa da wa ya bi kafin ya iso kafaɗata. Kuma in na ga na kafa doka kowa ya yi biris da ita sai mutum ɗaya, to in duba da kyau, ba ƙarfina ne ya kama shi ba, mutuncin da yake ba ni ne, kuma shi ne na fi cuta. Maratayin farko yana nan, saƙin ya koɗe, har yau da shi nake aiki. Duk tsohuwar da na durƙusa wa na ji zoben ya haye harshen ya tsaya, na san na wa ne.